Guzuri Da Ladabin Yawon Shan Iska A Matsirga

Duk lokacin da bukukuwan Sallah ko Kirsimeti ko na sabuwar shekara suka kewayo, motoci kan tashi daga Sabon Tasha ta Kaduna cike da magidanta da 'yan makaranta, su bi ta Kachia da Zonkwa zuwa Kafanchan, tafiyar kimanin kilomita 200. Da yawansu ziyarar dangi ce ta kai su, amma akwai masu ratsewa su ga gangarar ruwan Matsirga kusa da Madakiya, inda ruwan da ya taso daga duwatsun Kagoro yake zubowa daga kan dutse mai tsawon kimanin mita 25. Wasu kuma kan wuce Kagoro kallon bikin Afan da akan yi ran 1 ga Janairu. Wannan abu ne mai kyau, domin kuwa mutumin da bai san ƙasarsa ba, da wuya ya ƙaunace ta. Sai dai akwai gyara a wuri biyu, watau abin da baƙon yake ci, da kuma abin da yake bari a bayansa.

A nan ya kyautu a leƙa ƙasar Japan. Mutanenta sun shahara wajen tsara lambuna, uku daga ciki kuwa su ne a kan gaba: Kenrokuen a Kanazawa, da Korakuen a Okayama, da Kairakuen a Mito, wanda aka buɗe a 1842 da nufin talaka ma ya shiga ya huta. Kowane lambu da dokarsa. A lambunan wuraren ibada da dama na birnin Kyoto ba a yarda a baje abinci ba, alhali kuwa a Shinjuku Gyoen na Tokyo an yarda a shimfiɗa a kan ciyawa a ci, amma an hana shiga da giya. Saboda haka kafin Bajapane ya kwance guzurinsa sai ya san ƙa'idar wurin. Yakan tuɓe takalmi kafin ya hau shimfiɗa, ba ya karya reshe, ba ya damun maƙwabcinsa da hayaniya. Guzurin nasa kuwa ba na ƙarya ba ne: ɗan akushi da suke kira bento, mai shinkafa da kifi da ganye, ko dunƙulen shinkafa da ake kira onigiri.

Abin da ya fi ɗaukar hankali shi ne shara. Bayan harin iskar guba da aka kai jiragen ƙasa na ƙarƙashin ƙasa a Tokyo cikin 1995, an kwashe kwandunan shara da yawa daga wuraren taruwar jama'a, amma ƙazanta ba ta samu gindin zama ba, don kowa yana komawa gida da tasa. Duniya ta ga wannan hali a Rasha cikin 2018 da Ƙatar cikin 2022, inda 'yan kallon ƙwallon Japan suka riƙa tsince filin wasa bayan an tashi.

To, ba sai an je Japan za a koyi tattali ba. Tun da aka janye tallafin man fetur a watan Mayun 2023 kuɗin mota ya yi tsada, magidancin da ya biya wa mutum biyar kuwa bai kamata ya sake lalata aljihunsa a kan lemun kwalba da biskit ba, kada guzuri ya ƙare a Bichi. Dambu yana jure tafiya, haka ma ƙosai da waina da dafaffen dankali da gyaɗa da kwaɗon zogale. Alalen da aka naɗe a ganye ya fi na leda, domin ganyen ruɓewa yake yi ya koma ƙasa. Kunun zaƙi ko zoɓo a gora ɗaya ya ishi iyali, ga citta kuma mai kyau a ƙasar Kachia da Jaba. Abin da ya rage a saya a hannun matan ƙauyen da ke talla a bakin hanya, kamar ayaba da lemu da rake, don su ma su san amfanin zuwan baƙo. A guji miyar da ke saurin lalacewa cikin zafi, a kuma riƙe ruwan sha daga gida, kada a dogara da na rafi.

Sai batun ladabi. Matsirga ba dajin Allah ba ne marar mai shi. Akwai gonaki kewaye da ita, akwai mutanen da rafin nan yake shayar da su da dabbobinsu. Ledar da aka yar tana iya ƙarewa a cikin tumbin akuya, fasasshiyar kwalba kuma a tafin ƙafar yaro. Wajibi ne baƙo ya yi sallama ga mutanen da ya tarar, ya tambayi inda ake zama da inda ba a takawa, domin da ɗan gari akan ci gari. Kada ya ratsa gona, kada ya tsinki abin da bai shuka ba, kada ya ɗauki hoton mutum sai da izininsa. Idan 'yan gari suka ce kada a shiga ruwa, musamman da damina sa'ad da ya cika yake da ƙarfi, to, a ji maganarsu. Duwatsun suna da santsi, saboda haka iyaye su riƙe hannun 'ya'yansu.

Bugu da ƙari, wannan yanki ne da Musulmi da Kirista suke zaune tare, ya kuma ɗanɗani ɗacin rikici a 1987 da 2011. Wurin shan iska na daga cikin 'yan wuraren da kowa ke haɗuwa ba tare da gayyata ba. Mai kiɗa ya rage sauti idan ya ga ana salla ko addu'a, wanda ya shimfiɗa tabarma kuma ya ce wa na kusa da shi bismilla. Lomar da aka miƙa da fara'a tana gyara abin da dogon jawabi bai gyara ba.

Su ma hukumomi akwai nasu aikin. Ya kamata ƙananan hukumomin yankin da sarakuna su kafa allunan gargaɗi da Hausa da Turanci da harsunan gida, su kuma ɗauki samarin wurin aikin yi wa baƙi jagora. Amma kafin a kai ga haka, kowane iyali ya tafi da buhu guda fanko, ya dawo da shi cike da shararsa. Allah ya sa a gane, ya kuma kai matafiya gida lafiya.