Baƙo a Tsibiri: Ma'aunin Mutanen Samowa

Jama'a, malamai da fatake, yau ga magana daga nesa, amma duk wanda ya taɓa sauka a garin da ba nasa ba zai gane ta.

A cikin 1961 Shugaba Kennedy na Amurka ya kafa ƙungiyar Peace Corps, wadda ta kan aika samari da 'yan mata ƙasashen waje su yi aikin sa kai shekara 2, ba albashi, sai ɗan abin da zai riƙe su. Gana ce ta fara karɓarsu a shekarar nan, dattawanmu kuwa da yawa sun san su a makarantun Nijeriya da Nijar. A cikin 1967 suka isa Samowa, watau wasu tsibirai a tsakiyar Tekun Pasifik, masu mutane kamar 200,000 a yau. Ra'ayina shi ne, ma'aunin da mutanen tsibiran nan su ke auna baƙon da shi ya fi na ofishin da ya aiko shi daidai. Ofis ya kan ƙidaya yara nawa ya koya wa Turanci. Mutanen ƙauye kuwa su kan duba yadda ya ke zama, da wa ya ke cin abinci, kuma ina ya ke ranar da aka yi rashi.

Sai ku fara lura da ƙanƙantar wurin. Akwai wani tsibiri cikinsu, sunansa Manono, ƙauyukansa 4, babu mota, kuma mutum ya kan kewaye shi da ƙafa cikin sa'a 2. Ɗakinsu na gargajiya, wanda su ke kira fale, ginshiƙai ne da rufi, ba bango. A irin wannan wuri baƙo ba shi da maɓoya. Abin da ya yi da safe, kafin la'asar kowa ya ji.

Kowane ƙauye ya na ƙarƙashin majalisar shugabannin dangi, waɗanda a ke kira matai. A ƙauyuka da yawa, da magariba a kan kaɗa ƙararrawa ko a busa ƙahon kodi, kowa ya daina yawo har a gama addu'ar gida, gama Kirista ne su. In an shiga fale sai a zauna a tanƙwashe ƙafa, ba a miƙe ta wajen manya, ba a kuwa cin abinci a tsaye. In an yi mutuwa ko aure, kowane gida ya kan kawo gudummawarsa. Bature mai wucewa su na kiransa palagi, ba sa jiran kome daga gare shi. Ɗan sa kai kuwa sun ba shi suna dabam, Pisikoa, domin shi a cikin gidansu ya ke kwana, saboda haka dokar gida ta hau kansa.

Watakila wani ya ce wannan rashin godiya ne: yaro ya baro jin daɗin ƙasarsa ya zo taimako, sa'an nan a tsaya duban yadda ya naɗe ƙafa. To, mai faɗin haka bai san abin da teku ta taɓa kawo musu ba. A watan Nuwamba na 1918 jirgin ruwa Talune ya iso Apiya daga Okalan da masu mura a ciki. Hukumar Niyu Zilan, wadda ta ke mulkin ƙasar a lokacin, ta bar su suka sauka. Cikin 'yan makonni mutum kamar 8,500 suka mutu, watau ɗaya cikin 5 na jama'ar ƙasar, alhali kuwa tsibiran maƙwabta da ke hannun Amurka sun rufe tasharsu, ba su rasa kowa ba. Sai a 2002 Firayim Minista Helen Clark ta je Apiya ta nemi gafara. Mutanen da aka yi wa haka su na da hakkin su auna duk wanda jirgi ya kawo.

Ga kuma wani abu. A watan Maris na 2020, sa'ad da cutar korona ta bazu, ƙungiyar ta kwashe 'yan sa kanta kamar 7,000 daga duniya duka cikin 'yan kwanaki. Ban ga laifinta ba, amma abin ya tabbatar da abin da ɗan tsibiri ya daɗe da sani: baƙo raɓa ne. Shi ya na da ƙofar fita, su ba su da ita. Don haka abin da su ke so su gani shi ne ko zai yarda ya zauna ƙarƙashin dokarsu muddin ya na nan. In ya yarda, matai su kan rungumi aikinsa, ya wanzu bayan tafiyarsa. In ya ƙi, littattafan da ya tara a makaranta sai gara ta ci.

Ba na cewa masu masauki ba su da aibi. Akwai waɗanda ba sa ganin kome a jikin baƙon sai hanyar samun kuɗin taimako, wannan kuwa kwaɗayi ne, ko ina aka same shi. Amma ku fatake kun san ba a rufe lissafi da shafi ɗaya. Gidan da ya sauke shi ya ba shi wurin kwana mafi kyau, ya sa masa abinci kafin 'ya'yan gida, ya koya masa harshe, ya yi jinyarsa, ya rufa masa asiri in ya yi kuskure. Wannan ma aikin sa kai ne, sai dai ba wanda ya ke rubuta shi a rahoto.

Saboda haka duk hukumar da ta ke son sanin ko ɗan aikenta ya yi amfani, ta tambayi mai masaukinsa tukuna, kana ta buɗe takardu. Da ɗan gari a kan ci gari.