Masu Ƙara Girman Bireka Saboda Kwamfuresa, Ku Ji Tsoron Allah

Yau maganata da masu kwamfuresa ce: mai faci, mai fentin mota, kafinta, har da mu masu gyaran wayar hannu da muke haɗa ƙaramar kwamfuresa da injin manna gilashin sikirin. Akwai wata ɗabi'a da ta zama ruwan dare, kuma wallahi tana ba ni takaici. Moto ya ɗau zafi, bireka ta faɗi, sai ka aiki yaro ya sayo mai amfiya 32 ko 63 ka maye gurbin mai 16. Wani ma cire birekar yake yi gaba ɗaya, ya ƙulla wayoyin kai tsaye. Haba malam!

Aikin bireka shi ne ta katse wuta idan ana jan abin da ya fi ƙarfin wayar wutar da ke bangonka. Idan ka ɗora mai 63 a kan siririyar waya mai 1.5 ko 2.5, wayar za ta yi zafi, robarta ta narke, birekar tana nan ba ta ce uffan ba. Shagonka kuma manne yake da na maƙwabci. In gobara ta tashi cikin dare, dukiyar mutum nawa ka ɗauka a wuyanka?

Na san abin da za ka ce: kwastoma na tsaye, ba lokacin bincike. To, da sayen kafasita ɗaya da kai moto a sake naɗa masa koyil, wanne ya fi tsada? Kafin ka taɓa bireka, duba waɗannan:

1. Ƙarfin wuta. Motonka 220 zuwa 230 yake so. Idan wutar ta yi ƙasa, sai ya ƙara jan amfiya don ya iya juyawa, daga nan zafi ke zuwa. Sa mita a soket ka auna lokacin da yake aiki. Doguwar ekstenshan siririya ma tana zubar da ƙarfin wuta a hanya. Gara ka matso da injin kusa da soket, ka ƙara tsawon tiyon iska. Haka kuma moto mai ƙarfin doki 2 wajen wat 1,500 ne, ƙaramin janareta ba zai ɗauke shi ba.

2. Kafasita. Idan ka kunna ka ji yana gurnani amma ya ƙi juyawa, yawanci ita ce. Duba ko ta kumbura ko tana yoyo. Ka sayo mai lamba daidai da wadda ka cire.

3. Bawul. Duk sanda kwamfuresa ta cika ta tsaya, ya kamata ka ji "fss" na ɗan lokaci. Wannan iskar da ke kan fistin ce ake saki don moto ya tashi cikin sauƙi. In ba ka ji ba, bawul ɗin sakin iska ya lalace. In kuma "fss" ɗin ya ƙi ƙarewa, bawul mai hana iska komowa daga tanki ne ke yoyo. Gwaji mai sauƙi: fitar da iskar tanki duka ka kunna. Idan ya tashi lafiya lau amma yana shan wuya in akwai iska, ka gano wurin.

4. Rashin hutu. Yawancin ƙananan nan a bar 8 suke tsayawa. Idan tiyo na yoyo, moto ba zai taɓa hutawa ba. Shafa ruwan sabulu a mahaɗai, inda ya yi kumfa nan ne.

5. Ƙura da mai. Lokacin hunturu ƙura na toshe matacin iska da ramukan fanka. Ka goge, ka duba baƙin mai a mai amfani da shi, ka juya da hannu ka ji ko boris ko bel ya ɗaure. Kar ka kulle injin a lungun da iska ba ta shiga.

Gaskiya ne moto na jan ninki 5 zuwa 7 a daidai lokacin tashi, shi ya sa wata birekar ke faɗuwa alhali komai lafiya. Maganin wannan yana kan harafin da ke gaban lambar: mai C ta fi mai B jure fizgar farko, ba tare da an ƙara amfiya ba. Wannan ma mai gyaran wuta ne zai duba kaurin wayarka ya yanke hukunci.

Kuma don Allah kafin ka buɗe komai, zare filogi, ka saki iskar tanki. Kafasita na riƙe wuta ko bayan an kashe, kar ka kai mata yatsa. Jan maɓallin nan na jikin moto kuwa, in ya fito, bar shi ya huce ka nemo dalili, ka daina danna shi sau goma a rana.

Ka tura wa mai facin unguwarku wannan. Mai tambaya ya ajiye ta a ƙasa, tare da lambobin da ke rubuce a jikin motonsa.