Kitsen jini ba a tumbi ake gane shi ba

Jama'a, mu gaya wa juna gaskiya. In mutum ya faɗi a kasuwa ko a ƙofar masallaci, hannu da ƙafa suka shanye, baki ya karkace, abin da muke fara cewa shi ne jifa aka yi mishi, ko ya gamu da iska. Ba mai tambaya ko an taɓa auna jininshi.

Kitsen jini, wanda likitoci ke kira kolesterol, ba ya ciwo, ba ya sa zazzaɓi. A hankali yake manne wa bangon jijiyoyi, kamar yadda yashi da leda ke cushe magudanar ruwa kafin damina. Shekara da shekaru hanyar na tsukewa. Ranar da ta toshe, in a zuciya ne sai bugun zuciya, in a ƙwaƙwalwa ne sai shanyewar ɓarin jiki.

Mun ɗauka ciwon alhazai ne masu tumbi. Ba haka ba ne. Mafi yawan kolesterol hanta ce ke yin shi, wasu kuma gadon shi suka yi. Ɗan kabu-kabu siriri kamar sillen kara na iya yawo da shi bai sani ba.

Amma bakinmu ma na da laifi. Mu ne ke ce wa mai balangu ya ƙara kitse. Bayan layya mu yi makonni muna cin naman da aka soya cikin kitsenshi. Man shanu sai ya kwanta saman miya kafin a ce uwargida ta iya girki. Ga shayin fada, na ɗaya, na biyu, na uku, kuma sukari shi ma yana ƙara wani nau'in kitsen a jini. Zogale, wake da gero kuwa, da ke taimakawa, mun mayar da su abincin rashi.

Awon fa ɗan jini kaɗan ne ake ɗiba, galibi da safe kafin a karya. Abin da ake so, jimillar kolesterol ta kasance ƙasa da giram 2 a lita. Duk mai hawan jini ko ciwon sukari, da wanda wani nashi ya yi mutuwar fuju'a da ƙuruciya, ya roƙi likita ya rubuta mishi wannan awon. In an ɗora ka kan magani, kada ka bari don ka ji garau. Tun farko ma garau ɗin kake ji.