DAGA BAKIN KOGI: Jitar Ango Ta Ƙi Magana

Na san wasu za su ce yau kuma me ya haɗa filin ma'aurata da jita? To ku biyo ni a hankali, domin wannan jitar saura ƙiris ta haɗa wani saurayi da mahaifinsa, ta kuma riga ta sa budurwarsa kuka.

Watan jiya na je gida Bagudo gaishe da yayata. Ko ruwa ban gama sha ba ta ja ni gefe ta ce, "Ka zo daidai, ɗanka na nema ya haukace muna." Ashe bayan an yanke shinkafar fadama, yaron ya ɗebi buhu biyu daga cikin abin da aka ware masa na lefe ya sayar, ya hau babur ya bi ta Illo da Lolo, ya tsallaka Madekali har kasuwar Malanbil a ƙasar Benin, ya canza kuɗin zuwa sefa ya sayo jita 'yar gwanjo. Dalilinsa wai ya yi wa yarinyar alkawarin daren da ta tare zai kaɗa mata da hannunsa. Allah Sarki, ƙuruciya! Shi kuwa uban ya rantse gidansu ba a gaji roƙo ba, kuma in ya sake jin wannan ƙarar cikin dare sai ya sa abin a murhu. Ƙawayen yarinyar ma har sun fara kiran ta amaryar maroƙi.

Da yake na ɗan taɓa abin zamanin muna kwalejin horon malamai, da la'asar sai na same shi a ɗakinsa. Ya miƙo min ita kamar mai miƙa marar lafiya ya ce, "Kawu, wanga abu ya ƙi ni. Wata biyu ina hwama, mi ag gare ta?"

Ina taɓa ta na gano ciwon farko. Tun ranar da ya sayo ta bai taɓa saita tsirkiyar ba! Jita tsirkiya shida gare ta, kowace da muryarta, ga kuma kunnuwa shida a kanta da ake murɗawa a ɗaure ko a sassauta. Zafi da sanyi da jijjigar babur duk suna karkatar da su, don haka duk lokacin da za ka zauna koyo, saiti ne farko. In ba ka yi ba, ko yatsunka sun sauka daidai, abin da zai fito ba daidai ba ne, sai ka riƙa zargin kanka a banza, kuma kunnenka ya saba da karkatacciyar murya. Mu a da sai mun nemi wanda ya iya ya saita mana. Yanzu kuwa wayar da ke aljihunsa tana yi, akwai manhajar saiti ta kyauta, amma shi kallon masu kaɗawa kawai yake yi a YouTube yana haɗiyar yawu.

Sannan na ce ya nuna min hannunsa na hagu. Farce zaƙo-zaƙo, musamman na ƙaramin yatsa da samarin yanzu ke tarawa don gayu. Da kan yatsa ake danna tsirkiya, farce kuwa tokarewa yake yi. Nan take na sa ya yanke. Kuma yana danna tsirkiyar a bisa ƙarafunan nan da aka gitta a wuyan jitar, maimakon dab da bayansu, shi ya sa muryar ke shaƙewa, shi kuma ya ƙara matsewa da ƙarfi kamar mai murɗe wuyan zakara. Ba ƙarfi take so ba, wuri take so.

Amma inda na fi jin haushinsa shi ne yadda yake koyon. Ranar Juma'a da ba ya zuwa gona sai ya kwashe awa huɗu yana bugu har yatsu su yi ƙuruwa, sannan ya jingine ta sai wata Juma'ar. Jama'a, wannan ba koyo ba ne, horo ne. Kan yatsa sai ya yi kanta kafin ya daina zafi, kamar dai hannun manomi da ƙotar fartanya, kanta kuwa ba ta fitowa sai da taɓawa kullum na 'yan makonni. Minti 20 kowace rana ya fi masa awa huɗun nan nesa ba kusa ba. Ga shi kuma da gaggawa: so yake ya yi gudu irin na mutanen da yake kallo, in ya yi tuntuɓe a tsakiya sai ya koma farkon waƙa. Ƙarshenta ya iya farkon kamar ruwa, wurin da ke kayar da shi kuwa yana nan yadda yake, sai ma hannu ya haddace kuskuren. Na ce masa ya ware wannan ɗan wurin shi kaɗai, ya yi ta maimaita shi da tafiyar hawainiya yana buga ƙafa a ƙasa don riƙe lokaci. In ya fita sau biyar a jere babu tangarɗa, sannan ya ƙara sauri kaɗan.

Ita kanta jitar a ƙofar ɗaki yake barin ta rana na dukanta. Itace ne, hunturu na tsaga shi, laimar damina ta bakin kogi kuma na sa tsirkiya tsatsa. Tsumma kawai za ka sa ka goge bayan ka gama, ka ajiye ta a inuwa.

Da ya fara cewa ai laifin jitar ne don tsohuwa ce, sai na tuna masa da Ɗan Maraya Jos, wanda ya rasu a 2015. Kuntiginsa tsirkiya ɗaya ce tal, amma ina inda sunansa bai kai ba? Ali Farka Ture na Niyafunke a Mali, wanda aka haifa a 1939 ya rasu a 2006, shi ma da abin kiɗan gargajiya mai tsirkiya ɗaya ya fara kafin ya kama jita, kuma yaren Songai da ya yi waƙoƙi da yawa da shi ɗan'uwan Dandancin da ake yi a Malanbil da Gaya da Kamba ne. Mdou Moctar na Nijar kuwa da wayar birkin keke ya haɗa jitarsa ta farko. Na ce, "Kai da ka samu shida lafiyayyu, me za ka ce?" Ya sunkuyar da kai yana dariya.

Maganar uban ce mai nauyi, kuma ban ga laifinsa duka ba. Taɓa kuɗin lefe ba da shawara ba kuskure ne babba, na kuma faɗa wa yaron haka a gaban uwarsa. Amma a ganina mutum ya kaɗa wa matarsa a ɗakinsu, babu taro babu liƙi, wannan ba roƙo ba ne, kuma da yawa daga wasiƙun da mata ke aiko wa wannan fili kukansu ɗaya ne, maigida ba ya zama ya yi hira da su. Bayan sallar isha'i na samu mijin yayata a ƙofar gida muka daɗe. Da ƙyar muka tsaya a kan cewa yaron zai mayar da buhu biyun daga noman rani, ba zai taɓa jitar ba bayan magariba, kuma ba zai fita da ita dandali ba. Tsohon ya ce, "To, mu gani."

Shekaranjiya ya bugo min waya ya ɗora ta kusa da jitar. Sauyi uku kacal ya iya, a hankali, na ukun ma yana ɗan shaƙewa, amma an fara gane abin da yake nufi. Ya ce yarinyar ta aiko ƙanwarta ta tambaya ko dai an ƙone abin ne, don ta daina jin labarin ƙararsa a unguwa. An sa biki bayan ƙaramar salla, yatsan nan na uku ne aikinsa kafin lokacin.

Sai mun haɗu a fitowa ta gaba in Allah ya kai mu. Wassalam.