Ƙafar mota: Harajin da hanyar Tawa ke karɓa babu rasit

Duk wanda ya saba shiga Tawa ranar Lahadi, ranar da babbar kasuwa ke ci, ya san irin motocin da muke nufi. RAV4 ne da Highlander da Prado, waɗanda ’yan cirani suka sayo domin iyali, amma yau su ke jigilar buhunan gero da albasa da dilar atamfa zuwa Barmu da Tabalak da Abalak. Motar gida ta koma motar kasuwa, kuma inda take fara kuka shi ne ƙafa.

A ƙarƙashin kowace tayar gaba akwai wani ƙarfe mai kusurwa uku da ke riƙe ta da jikin mota. Makanikan Tawa na ce masa tiriyangil, na Sakkwato kuma lowa-am. Ta gefen jikin mota yana zaune ne kan robobi biyu, ta gefen taya kuma akwai wata gaɓa mai juyawa da ake kira rotil ko bol-jon. RAV4 da Highlander ƙarfe ɗaya suke da shi a kowane gefe, Prado da Hilux kuwa biyu, na sama da na ƙasa. Shi kansa ƙarfen ba kasafai yake lalacewa ba. Robar ce ke tsagewa, rotil ɗin kuma ya yi sako-sako. Zafin Afrilu da Mayu da ke haura digiri 40 yana busar da roba, rairayi ya shiga cikin rotil ya cinye shi, lodi da ramuka su ƙarasa aikin.

To ramukan fa, na waye? Hanyar Tawa zuwa Agadas da Arlit an shimfiɗa ta ne a ƙarshen shekarun 1970 domin fitar da yuraniyom. Idan mai karatu bai manta ba, a yarjejeniyar da gwamnatin Nijar ta ƙulla da kamfanin Areva na Faransa a watan Mayun 2014, kamfanin ya amince zai ba da Yuro miliyan 90 domin gyaran wannan hanya. An taɓa wasu sassanta, amma direban da ke bin ta bai daina ziyartar mai gyaran ƙafa ba. Ita ke nan mai kwalta, balle hanyoyin burji na ƙauyukan arewacin Adar.

Wani abin da ya ƙara dagula lissafi shi ne iyaka. Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023, ƙungiyar ECOWAS ta sa takunkumi, aka rufe iyakokin Najeriya da Benin. An ɗage takunkumin a Fabrairun 2024, aka buɗe hanyar Illela da Ƙonni a watan Maris, amma Nijar ta bar gadar Gaya a rufe, alhali ta Kwatano ne akasarin motocin hannu da kayan gyaransu ke shigowa. Kayan da suka zagayo ta Lome da Burkina Faso kuwa, kuɗin zagayen a kan mai saye yake ƙarewa.

Nan ne muke ganin ’yan kasuwarmu na yin tsimi a inda bai kamata ba. Mu da muka san bambancin atamfa ta ainihi da ta jabu da taɓawa ɗaya, sai mu miƙa kuɗi a sayo mana “ko wanne ya fi sauƙi”. Sabon ƙarfe mai araha, robarsa ba ta kai damina biyu. Na hannu, wanda ake kira Baljiyam, ƙarfensa na da kyau, amma robar ta riga ta tsufa tun a Turai. Mafi muni shi ne ƙarfen da ya lanƙwashe aka gasa aka miƙe, ko aka yi masa walda. Wannan kam ba tsimi ba ne. Idan shi ko rotil ya balle ana cikin gudu, tayar kwanciya take yi, sitiyari ya zama ado, kuma a cikin motar akwai mata da yara da jarin shekara.

Ga inda tsimi yake. Idan ƙarfen lafiyarsa lau, ana iya cire tsofaffin robobin a matsa sababbi masu kyau, ba sai an sayi duka ba. A RAV4 da Highlander ma ana kwance rotil daban. Sai dai a duba ɗaya gefen, domin tare suka sha wahala. Kuma kada a ƙarasa ɗaure notin robar sai an sauke mota ta tsaya kan tayoyinta, in ba haka ba sabuwar robar a murɗe za ta zauna ta tsage da wuri. Daga nan sai a je a daidaita tayoyi, wato alaimen, wanda da yawanmu ke tsallakewa har sai sabuwar taya ta cinye ta ciki.

Hajiya mai mota ba sai ta shiga ƙarƙashinta ba. Ƙarar ƙwas-ƙwas a kan burji, motar da ke ja gefe idan an taka birki, tayar da ke ci ta gefe guda, duk kunne da ido na kama su. Idan kuma an gama aiki, ta ce makanike ya ajiye mata tsohon da ya cire ta gani.