Wanda ke zaune a bayan mawaƙi

Na san wasu za su ce ana fama da tsadar shinkafa da kuɗin mota, shi kuma wannan ya zo mana da labarin wani tsohon Bature mai kaɗa jita. Ku yi haƙuri ku karanta zuwa ƙarshe, maganar ta shafe mu.

Duk wanda ya taso a gidan da ake da rediyo mai kaset a shekarun 1980 zuwa 1990, da wuya a ce bai taɓa jin muryar Don Williams ba. Mahaifina, Allah ya jiƙansa, yana da kaset ɗinsa guda biyu, kuma da su ake wanke mota ranar Asabar. A cikin waƙoƙin akwai wani sauti mai jan rai, kamar ana kuka a hankali, yana shigowa duk inda mawaƙin ya ja numfashi. Na shekara talatin ina jin wannan sautin ban taɓa tambayar waye ke fitar da shi ba. Sai kwanan nan na gano cewa a da dama daga cikin waƙoƙin Don Williams na shekarun 1970, hannun wani mutum ne mai suna Lloyd Green.

Abin da yake kaɗawa wata irin jita ce da ake kwantar da ita a kan ƙafafu huɗu kamar ƙaramin tebur. Asalin salon daga tsibirin Hawaii ya fito a ƙarshen ƙarni na 19, daga baya Amurkawa suka ƙara mata fedoji. Makaɗin yana zaune ne. Hannun hagu na riƙe da ɗan guntun ƙarfe mai santsi yana zame shi a kan tsirkiya goma, hannun dama na tsinkar tsirkiyar, ƙafar hagu na taka fedojin da ke ɗaure tsirkiya ko sassauta ta, gwiwoyi biyu na tura wasu ƙarafa da ke rataye a ƙasa, ƙafar dama kuma na ƙara sauti ko rage shi. Duk a lokaci guda. Babu wani tsani da zai tsayar maka da sauti daidai kamar a jitar da muka saba gani, kunnenka ne kaɗai alƙali. Ku riƙe wannan maganar ta kunne, za mu dawo kanta.

An haifi Lloyd Green a 1937 a jihar Mississippi. Da ya je birnin Nashville, cibiyar kiɗan kantiri, abin bai zo masa da sauƙi ba, har sayar da takalma ya yi don ya ciyar da iyalinsa. A 1965 ne kiɗan da ya yi wa Warner Mack a waƙar The Bridge Washed Out ya fito da shi, daga nan ya zama ɗaya daga cikin waɗanda ake rububi a ɗakunan ɗaukar sauti. Tsarin aikinsu kamar na ma'aikata ne: zama na awa uku-uku, ƙarfe goma na safe, biyu na rana, shida na yamma, wani lokaci har da goma na dare. A shigo da waƙar da ba ka taɓa ji ba, a ba ka mintuna ka ƙirƙiro mata ado, a biya ka kuɗin zaman, ka wuce na gaba. Suna da hoto da ribar faifai na mawaƙi ne, sau da yawa ko sunan makaɗa ba a rubutawa a jikin kwalin. A haka ya yi kiɗa a waƙoƙi sama da ɗari da suka kai matsayi na ɗaya a jadawalin kantiri. Ya yi wa Charley Pride, ya yi wa Tammy Wynette, ya yi wa ƙungiyar The Byrds a 1968, har Paul McCartney ya neme shi a 1974.

Sai a 1988 ciwon kunne ya same shi, ya daina jin sauti daidai. Mutumin da duk sana'arsa a kan kunne take. Dole ya ajiye jitar, kuma ya kwashe kusan shekara goma sha biyar ba ya cikin harkar. Nashville ba ta tsaya jiransa ba, wasu matasa suka hau kujerar, kamar dai yadda ake yi a ko'ina.

To ga inda abin ya taɓa ni. Kamfanonin faifai sun wuce, amma masoyan wannan jita ba su sake shi ba. A shekarar da ciwon ya kama shi aka saka sunansa a zauren karrama gwanayen jitar, wanda a lokacin yake haɗe da taron da suke yi duk shekara a birnin St. Louis. Mutane suka ci gaba da bin tsofaffin faya-fayai suna tantance wace waƙa ce ya kaɗa, a wace shekara, da wace jita. Masu koyo suna zama su kwashi salonsa ɗaya bayan ɗaya. Akwai samfurin jita na kamfanin Sho-Bud da aka sa wa haruffan sunansa, LDG, kuma har yau ana nemansa. Da ya samu sauƙi ya dawo a 2003, ya tarar da masu jiransa, kuma a wannan shekarar ya yi wa Alan Jackson kiɗa a waƙar Remember When, wadda ita ma ta kai matsayi na ɗaya.

Ba ina cewa Amurkawa waliyyai ba ne. Waɗannan masoya 'yan tsiraru ne, mafi yawan masu sauraro a can ma mawaƙi kaɗai suka sani. Yabo kuma ba ya biyan kuɗin asibiti, kuma wani lokaci masoya kan zuzuta gwaninsu har su tauye wasu. Na kuma san a cikin abokaina akwai waɗanda ba sa sauraron kiɗa saboda dalilin addini, ina girmama matsayinsu. Su ajiye kiɗan gefe su ɗauki ɗabi'ar: mutane sun gane aikin wanda ke zaune a baya, sun adana tarihinsa dalla-dalla, kuma sun faɗa masa yana raye yana ji.

Mu fa? Kowa ya san Mamman Shata da Musa Ɗanƙwairo. Mutum nawa ne a cikinmu zai iya kawo sunan masu kalangun Shata, ko 'yan amshin Ɗanƙwairo, waɗanda in ka cire su waƙar ba za ta tsaya ba? Ko a Kudu, duniya ta san King Sunny Ade, amma Demola Adepoju da ya kaɗa masa irin wannan jitar a faifan Juju Music na 1982, har ya yi wa Paul Simon kiɗa a Graceland, 'yan Najeriya nawa suka san shi?

Abin bai tsaya a kiɗa ba. A ofishinmu akwai wani dattijo da ya shekara talatin da biyar a sashen ajiyar fayil. Ka faɗi sunan ma'aikaci, zai gaya maka a wane kabad fayil ɗinsa yake ba tare da ya duba littafi ba. Shugabanni sun zo sun tafi, an liƙa hotunansu a bango, shi kuwa da ya yi ritaya lemo da biskit aka raba, aka ba shi agogon bango. Bayan wata takwas na gamu da shi a layin tantance 'yan fansho, rana ta dake shi. Na ce, "Baba, ina wuni, ya ƙarfin jiki?" Ya ce, "Alhamdulillahi ɗana, ashe kuna tuna mu." Wallahi kunya ta kama ni, domin gaskiya ban tuna shi ba, karo muka yi. Ni da nake neman taimakonsa kusan kullum, ko sau ɗaya ban taka gidansa ba.

Mun iya ta'aziyya. Ranar da irin wannan dattijo ya rasu, Facebook zai cika da hotonsa da dogayen rubutu, kowa na faɗin yadda ya taimake shi. Duk wannan bayanin yana cikin ranmu tun yana da rai, mun dai riƙe shi ne har sai da ba zai ji ba. Hausawa na cewa yabon gwani ya zama dole, amma mun mayar da gwani shi ne mai riƙe da makirufo ko mai sa hannu a takarda.

Shawarata ƙarama ce. Kowa ya tuna mutum ɗaya da ya yi ritaya wanda aikinsa ya ɗauke shi: malamar firamare, direba, nas, masinja, mai buga tafireta. Ka neme shi a wannan makon. In da hali ka riƙe masa ɗan abu, in babu ka faɗa masa takamaiman abin da ya yi maka wanda ba ka manta ba. Ni dai ranar Asabar in Allah ya kai mu zan je gidan Baba, na riga na karɓi kwatance.

Wanda ya san sunayen makaɗan Shata ko 'yan amshin Ɗanƙwairo, don Allah ya rubuto mana a ƙasa mu ƙaru. Allah ya sa mu gama aiki lafiya, ya ba iyayenmu 'yan fansho haƙƙinsu a kan lokaci.