Lissafin Cikin Kwale-kwale: Inda Ra'in Sakamako Yake Tuntuɓe

A ranar 5 ga watan Yuli na shekarar 1884, igiyar ruwa ta fasa wani ƙaramin jirgi mai suna Mignonette a kudancin Tekun Atilantika, yana kan hanyarsa daga Ingila zuwa Ostireliya. Mutum huɗu ne a ciki: shugaban jirgin Tom Dudley, da mataimakinsa Edwin Stephens, da Edmund Brooks, da yaron jirgi Richard Parker, maraya ɗan shekara 17. Suka tsira a cikin ɗan kwale-kwale da gwangwani biyu na kayan lambu, babu ko ɗigon ruwan sha. Sun kama kunkurun teku guda, suka cinye shi. Da ƙishirwa ta yi tsanani yaron ya sha ruwan teku, ya kwanta rai a hannun Allah. A rana ta ashirin Dudley ya yanka shi da amincewar Stephens. Brooks ya ce babu ruwansa, amma su ukun duka sun ci naman. Bayan kwana huɗu wani jirgin Jamus ya tsince su.

Akwai ra'i a falsafar ɗabi'a da ke cewa ana auna kyawun aiki ko muninsa ne da abin da ya haifar kaɗai. A Hausa za a iya kiransa ra'in sakamako, ko da yake ɗalibi zai lura cewa kalmar “sakamako” tana ɗauke da ma'anar lada ko sakayya, alhali abin da ake nufi a nan ya fi kusa da “aƙiba”, wato inda aiki ya ƙare. Fitaccen reshensa shi ne na Jeremy Bentham, Bature ɗan Ingila, wanda a littafinsa na 1789 ya kafa hujja cewa aikin kirki shi ne wanda ya ƙara jin daɗi ya rage wahala ga mafi yawan mutane. Har ma'aunai bakwai ya jera na auna daɗi da wahala, daga ciki akwai ƙarfinsu, da tsawon lokacinsu, da tabbacin aukuwarsu, da yawan waɗanda za su shafa. John Stuart Mill ya gyara ra'in a littafinsa na 1863, inda ya ce wani daɗin ya fi wani daraja. Sunan da ake kiran ra'in da shi yanzu kuwa, wata mai sukarsa ce ta raɗa masa a 1958, Elizabeth Anscombe.

Idan aka ɗora wannan ma'auni a kan kwale-kwalen, lissafin ba shi da wuya: mutuwar ɗaya ta fi mutuwar huɗu sauƙi, balle ɗayan da ma yana gargara. Dudley da Stephens suna da mata da 'ya'ya, yaron ba shi da kowa da yake ciyarwa. Jama'ar Ingila da yawa haka suka gani, suka tausaya musu, su ma mutanen ba su ɓoye komai ba da suka iso gida.

Bai kamata a raina wannan ra'i ba. Shi ne ya sa Bentham ya soki azabtar da masu laifi, ya kuma ce wahalar dabba abin lissafawa ce. Hukumar da take da kuɗin aiki ɗaya tak, ko rijiya ko ɗakin shan magani, ba ta da abin dogaro da ya wuce duba wanne zai fi ceton rayuka. Mai cewa shi dai ya bi ƙa'ida, ko garin ya ƙone ba damuwarsa ba ce, bai cancanci yabo ba.

Amma kwale-kwalen ya tona asirin abu biyu da ra'in yake tsallakewa. Na farko, mai lissafin bai san gobe ba. A ranar da Dudley ya zaro wuƙa bai san jirgin Jamus yana tafe ba. Da jirgin ya zo washegari, da an kashe yaron a banza. Da bai zo ba sam, nan ma a banza ne. Ra'in da ya rataya hukunci a kan aƙiba ya rataya shi ne a kan abin da mai aikin ba ya gani a lokacin da yake bukatar hukuncin, sai ya koma kintace, yunwa da tsoro kuwa su ne suke riƙe da alƙalamin.

Na biyu ya fi nauyi. Wane ne ya yi lissafin? An yi zancen ƙuri'a a cikin kwale-kwalen amma ba a jefa ba, kuma ba a nemi ra'ayin yaron ba. Manya biyu masu sauran ƙarfi suka auna rayuka huɗu, sai ma'auni ya nuna cewa wanda ya fi cancanta ya mutu shi ne mafi ƙanƙanta, mafi rauni, wanda ba zai iya ɗaga hannu ba. Hausawa sun ce so duka so ne, amma son kai ya fi. Da wuya a ji labarin mai irin wannan lissafi da amsa ta faɗo a kansa. Babban alƙalin Ingila, Lord Coleridge, ya tsaya a kan wannan gaɓa a hukuncin da ya yanke a watan Disamba na shekarar: ya nemi sanin wa ya ba mutum ikon kimanta ran wani a kan nasa, kotun kuma ta ce larura ba ta wanke mai kisan kai.

Abin sha'awa shi ne Imam Gazali, wanda ya rasu a 1111, ya riga ya kawo kusan wannan misali a cikin Al-Mustasfa, wajen bayanin maslaha. Ya yarda a duba amfanin jama'a, amma da sharuɗɗa uku: larurar ta zama ta dole, ta zama tabbatacciya, ta kuma game al'umma baki ɗaya. Don haka ya ce mutanen da ke cikin jirgi ba su da damar jefa ɗaya a ruwa don sauran su tsira, mayunwata ma ba su da damar cin ɗaya ko da ƙuri'a ce ta faɗa kansa. Gazali ya duba sakamako, sai dai ya yi wa dubawar shinge.

Masu kare ra'in suna da amsa. Sukan ce a auna aƙibar ƙa'ida, a bar auna aiki ɗaiɗai, domin duniyar da ƙarfafa suke da izinin yanka raunana idan sun matsu ta fi muni, babu yaron da zai hau jirgi da kwanciyar hankali. Amsar tana da ƙarfi. Sai dai wanda ya karɓe ta ya riga ya yarda cewa a cikin kwale-kwale ba a so Dudley ya yi lissafi ko kaɗan, ana so ya riƙe haramcin ko da lissafinsa ya nuna masa akasi. Ra'in ya kuɓuta ke nan ta hanyar hana mutum amfani da shi a daidai wurin da aka fi jarrabarsa.

Kotun ta yanke wa Dudley da Stephens hukuncin kisa, daga baya gwamnati ta sassauta shi zuwa ɗaurin wata shida. Brooks ba a hukunta shi ba, shi ne ma ya tsaya shaida a kansu. Dudley ya koma Ostireliya da zama bayan an sake shi, can annoba ta kashe shi a shekarar 1900.